Cittar da Rifkatu Ta Bari

Narayi, Kaduna
Afrilu

Zuwa ga 'yata Dakta Maryam, a Ibadan.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya aiki, yaya zaman ƙasar Yarbawa? Ni ce Mama Eunice, wadda ta karɓi haihuwarki tun ina sabuwar nas, in har kin manta rubutuna. A takarda na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo ta waya, don 'yan maɓallan nan ba a yi su domin yatsuna ba. Ke ma ki amsa da biro. Ba na son saƙon murya. Na uwarki Hajiya Binta ya ishe ni, in ta fara sai batir ya mutu.

Albishirinki, an sa ranar ƙanwarki Jessica. Watan Disamba ne, ita da Nathan, mai buga jita a majami'armu. Murna dai ba a magana.

Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai. A gidanmu, duk 'yar da za ta gidan miji, uwarta kan danƙa mata saiwar citta ranar addu'ar sallama, a gaban mata, kuma dole wadda uwar ta shuka da hannunta ce. Ba kuma kowace citta ba. Iri guda ne, yatsun biri, ƙanana masu zafin tsiya. Kakata ce ta ba mahaifiyata, marigayiya Rifkatu, ita ta ba ni. Zaman kwatas na asibiti bai bar ni da gona ba, don haka na dogara da ta gida, wadda ƙanena Tanko ke nomawa a ƙauyenmu kusa da Kachia.

Kin ji annobar da ta faɗa wa cittar mutanenmu. Ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa, in ka bi ta gona sai ka toshe hanci. Gonar Tanko ta tafi kaf, har da tafin giwa, irin mai manyan saiwa da yake taƙama da shi. 'Yan kunyoyin Mama na bayan gida kaɗai suka tsaya cik kamar ba a yi komai ba. Tanko ya yi fushi da citta, ya koma masara, ya tattara abin da ya tsira ya aiko min a ɗan kwando. Duk duniya ita ke nan. In ta mutu a hannuna, Jessica ce za ta zama ta farko a zuriyarmu da za ta fita hannu biyu, kuma Mama ba ta nan balle in je in roƙi wata.

To kin san ni da ƙazanta ba ma ga maciji. Na ce rigakafi ya fi magani, na yi wa cittar nan hidimar da ake yi wa kayan tiyata. Na wanke ta da ruwan bilic. Na yayyanka ta, na zazzage kafso mai ja da ɗorawa cikin ruwa mai ɗumi, na ƙara hodar maganin funfuna daga shagon manoma, na bar ta ta sha ta ƙoshi, ina sake ruwan kullum. Ƙasar ma ban yarda da ita ba. Daga Kakau na sa aka ɗebo, na zuba a rabin duro na dafa ta a kan itace. Matar fasto har leƙowa ta yi ta katanga, wai ta zaci burkutu na fara dafawa bayan ritaya. Yanzu duk suna cikin sababbin buhuna a bayan gida, na lulluɓe su da ciyawa.

Tun da ke ce daktar tsirrai, ki faɗa min wane magani ya rage in ƙara. Ba na son ƙwayar cuta ko ɗaya ta kwana a cikinsu.

Ki gaida abokan aiki. Ubangiji ya kiyaye ki.

Ni ce uwarki,
Eunice

*

Ibadan
Mayu

Zuwa ga Mamana.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ke da amaryarmu. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Ga shi na amsa da biro kamar yadda aka umarta, sai a yi haƙuri da rubutun, ya kwana biyu bai ga takarda ba.

Mama, da na karanta wasiƙarki na yi dariya har hawaye a wajen burkutu. Da na sake karantawa kuwa sai na dafe kai. Ki yi haƙuri in faɗi abin da na san ba zai miki daɗi ba. Babu shuka mai lafiya da ba ta da ƙwayoyi a cikinta. Ba a bayan fata nake nufi ba, can ciki, a tsokar saiwa da jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye. Aikina ke nan a nan. Nakan wanke saiwa da bilic tas, in tsaga ta da wuƙa mai tsabta, in ɗora a faranti mai abincin ƙwayoyi. Bayan 'yan kwanaki sai ki ga sun ɓullo daga cikin tsagin, wasu fari, wasu ɗorawa, wasu kamar auduga. Alhali shukar da na ciro su lafiyarta ƙalau.

Kamar gidan haya ne a Tudun Wada. Akwai masu share tsakar gida, akwai wanda kwana kawai ke kawo shi, akwai kuma wanda lafiya lau yake sai ranar da mai gida ya kwanta ciwo ya zama fitina. Na kirkin cikinsu suna da amfani ƙwarai. Wasu suna fitar da sinadarin da ke hana funfunar ruɓa yaɗuwa. Wasu suna taimaka wa saiwa ta yi tsawo ta jawo abinci. Wasu kuma zamansu kawai ya isa, don baƙon cuta in ya zo ba ya samun ɗakin sauka.

Ke kin fi ni sanin irin wannan a jikin mutum. Sau nawa kika ga an ɗora majiyyaci a kan kafso mai ƙarfi, ciwon ya tafi, sai gudawa ko farin baki ya biyo baya? Maganin ne ya kwashe mugu da nagari tare.

Ga inda hankalina ya tashi. Citta ba daga ƙwaya ake shuka ta ba, daga jikin uwarta ake ɓallo ta, don haka abin da ke zaune a ciki yana bin ta daga gona zuwa gona. Mai yiwuwa mazaunan cittar nan tun hannun kakarki suke tafe. Ban ce lallai su suka tsare kunyoyin Kaka Rifkatu ba. Zai iya zama ƙarfin irin ne, ko wurin ne ba ya riƙe ruwa. Amma ina zarginsu da wannan alheri, kuma ina tsoron wankan da suka sha ya rage su sosai. Ƙasar da kika dafa ma ba ta da waɗanda za su maye gurbi.

Don Allah kada ki ƙara komai. Ki samo ruɓaɓɓen taki da ƙasar gona wadda ba ta ga wuta ba ki barbaɗa, ki kuma huda gindin buhunan ruwa ya riƙa fita. In akwai ko ɗan yatsa ɗaya da bai shiga ruwan kafso ba, ki ware shi ki shuka daban.

Ki gaishe min da Jessica, ki ce ankona kada ya wuce ni.

Taki mai biyayya,
Maryam

*

Narayi
Yuni

Dakta,

Na gaishe ki. Na ga takardarki, rubutun ma ya isa shaida cewa kin zama dakta, sai da na sa tabarau biyu.

Yarinya, ni za ki gaya wa ƙwayar cuta? Tun uwarki ba ta yaye ki ba nake yaƙi da su. Na ga abin da suke yi wa mai jego, na ga abin da suke yi wa cibiyar jariri. Yau kuma an wayi gari wai suna da na kirki, har da masu shara. To, su zo su share min tsakar gida, bayana yana ciwo.

Babu yatsan da ya tsira, duk wanda na shuka ya yi wanka. Kuma bari in ba ki labari, sun tsiro! Kowane buhu ya fito, tsaf-tsaf, ganye ko ɗigon tabo babu. Da safe nakan fito da kofin shayina in zaga su kamar zagayen wod a asibiti. Nathan ya zo gaisuwa na kai shi ya gani, ya ce bai taɓa ganin citta mai tsabta haka ba. Yaron yana da hankali.

Gindin buhu dai na huda, wannan magana ce ta hankali. Taki kuwa, ki yi haƙuri. Kashin shanu ba zai shiga inda na sha wahalar dafawa ba.

Shekaranjiya na je Tudun Wada wajen uwarki a kan zancen zoɓon biki, ita za ta yi mana. Ki yi mata faɗa. Ta aje wani tsohon baho a bayan madafi, nan take watsa ruwan wanke-wanke, ciyayi sun cika shi, sauro sai biki suke. Na ce ta zubar, ta ce in bar mata gidanta. Tun muna 'yan mata haka take.

Ki ci abinci, hotonki na ƙarshe duk ƙashin wuya ne.

Uwarki,
Eunice

*

Narayi
Ƙarshen Yuli

'Yata Maryam,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni dai jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi.

Tun da ruwa ya zauna, cittar ta fara canzawa. Ganyen ƙasa ya soma yin ɗorawa daga baki, yana naɗewa. Na ce ko yunwa ce. Jiya na taɓa wani kara sai ya biyo hannuna, gindinsa ya yi laushi, ga wari. Warin nan na gonar Tanko ne, ba zan manta shi ba. Yau na ciro wasu. Fiye da rabi sun tafi, kuma waɗanda suka rage sirara ne kamar tsinken tsintsiya.

Abin da ya fi ba ni haushi, ban san ta inda ta shigo ba. Ko iska ce, ko ruwan da ke fantsamowa daga kwata, oho. A ƙauye cittar nan ta zauna tsakiyar annoba ba ta ko yi tari ba. Ta zo hannun nas ta kwanta.

Na kira Tanko ko da saura a ƙasa. Ya ce wurin ya zama masara har ta yi bunni. Jessica ta ce in daina damuwa, a sayo a kasuwar Sabo, wa zai sani? Na ce ni zan sani. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na ɓoye miki. Ji nake kamar Mama ta ba ni ajiya na yar.

An ce garin gyaran gira akan rasa ido. Na yarda. In akwai abin yi ki faɗa min, ko kashin shanun ne zan ɗebo da hannuna.

Ki sa ni a addu'a.

Eunice

*

Tudun Wada
Agusta

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Maryam, 'yar Sista Eunice.

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, kina kuma tsare sallarki a kan lokaci. Babanki yana gaishe ki. Yau takarda na rubuta, don in na yi saƙon murya a shago duk mai sayen zoɓo sai ya ji, kuma zancen na uwarki ta Narayi ne, ba na son a yi da ita.

Ranar Talata ta zo min ido jawur. Ko zama ba ta yi ba ta hau ba ni labarin citta ta mutu, Jessica za ta tafi hannu biyu. Na ce, "Sista, wace cittar? Ta kwandon Tanko?" Ta ce ita. Na ce, "To ai ga 'yar'uwarta can a bayan madafi." Ta dube ni kamar na zare.

Abin da ya faru shi ne, ranar da kwandon ya iso ina gidanta. Kin san ba a sauke kayan ƙauye a gaban baƙo a hana shi, hannunta ne ya ɗebo min da kansa, ta ce in sa a zoɓo, bakinta yana can yana lissafin ranar biki. Shi ya sa ta manta. Na kawo na jefa a lungu. Kafin in waiwaye ta, ta fito da ido. Ni kuwa abin da ya fito da ido ba na iya daka shi, rai ne. Na tura ta cikin tsohon bahon nan da ƙasar tsakar gida da tokar murhu, kaji suna hawa suna abin da suka saba.

Wallahi ki zo ki ga ganye, kore shar, ya kai min gwiwa. Shi ne fa bahon da ta tsaya a kansa wata biyu da suka wuce tana min wa'azin sauro, wai in zubar da ciyayi. Cittar uwarta ce ba ta gane ba, don ba ta ga alamar bilic a jikinta ba. Da na ji maganarta da yanzu sai labari. Taurin kaina ya yi rana, ki rubuta wannan ki aje.

Ta durƙusa gaban bahon da fararen kayanta, ta murza ganye ta shinshina, ta yi kuka ta yi dariya. Na ce shi ke nan, abin nema ya samu, in Disamba ta yi a tone a ba yarinya. Sai ta miƙe ta kaɗe zane ta ce, "A'a, Binta. Ba hannuna ya shuka ba." Na ce, "Hannunki ya ba ni." Ta ce bayarwa daban, shukawa daban. Na ce ta ɗauki bahon ta kai Narayi ta riƙa ba shi ruwa. Ta ce wannan riƙo ne, ba haihuwa ba. Kin ji fa. Muka yi ta yi har la'asar, na gaji na zuba mata tuwo.

Don haka dabara ta rage gare ku masu karatu. Nata na Narayi akwai sauran masu rai, amma ba su da kuzari. Ta ce kin taɓa ce mata akwai masu shara a cikin citta. Ni ban gane ba, amma in na gidana suna da su, a ɗiba a kai mata, ba sai an tambaye ni ba. Na tono saiwa biyu da ƙasarsu, ita ma ta naɗo ruɓaɓɓiyar tata a leda daban, mun ba direban motar Ibadan da ke tashi gobe. Na haɗa miki da kuka da daddawa. Kada ki haɗa su a gwajin.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki

*

Ibadan
Satumba

Mamana,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki jajen buhunan da suka tafi. Saƙon Umma ya iso lafiya, daddawa ta riga direban shigowa ofis.

Ga abin da na yi. Na tsaga saiwar bahon Umma na ɗora a faranti, kuma Mama, gidan cike yake. Iri-iri suka fito. Daga ruɓaɓɓiyar taki kuma na ciro funfunar da ke cin ta. Sai na riƙa haɗa su a faranti ɗaya, funfuna a gefe, ɗaya daga cikin mazaunan a ɗaya gefen. Yawancinsu funfunar ta bi ta kansu ta wuce. Amma akwai wasu biyu da ta zo kusa da su ta tsaya, ta bar fili a tsakani kamar an ja mata layi. Na kira duk wanda ke ɗakin gwaji ya zo ya gani, har mai gadi.

Na raini waɗannan biyun na yawaita su. Suna cikin gorar da direba zai kawo miki, ruwan zai yi kama da tsarin kunu. Kada ki tafasa shi, kada ki tace, kada ki sa masa komai. Na san ki, shi ya sa na ja layi a ƙarƙashi. Ki aje a inuwa ki yi amfani da shi da wuri, masu rai ne.

Ki fara cire duk buhun da ya ruɓe ki kai nesa. Waɗanda suka rage, ki tona gefen saiwa a hankali da yamma in rana ta yi sanyi, ki zuba ruwan ya jiƙa ta sosai, ki mayar da ƙasa. Ta ƙananan jijiyoyi da 'yan tsagogin da ke jikin saiwa za su shiga. Bayan mako ki maimaita da sauran.

Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Abin da ya yi aiki a faranti ba kullum yake yi a ƙasa ba, kuma wadda cutar ta riga ta kai wa zuci ba za ta dawo ba. Amma waɗannan ba baƙi ba ne a wurin cittar, 'yan gida ne za su koma ɗakinsu. Hannunki ya shuka, hannunki kuma zai zuba, don haka ban ga inda al'ada za ta yi ƙorafi ba.

Na nemi hutu a Disamba, amma an sa min taron aiki a makon bikin. Ina nan ina roƙo.

Taki,
Maryam

*

Narayi
Oktoba

Dakta 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Gora ta iso, na kuma yi yadda kika ce, amma sai da aka sha fama.

Na buɗe murfin na shinshina, wari kamar an manta wake a tukunya. Na ɗaga ta a rana, ruwa gurɓatacce. A asibiti in na ga irin wannan a kwalba, sunansa shara. Na aje, na zaga gida, na dawo. Har na ɗora tukunya a wuta, ba da niyyar komai ba, kawai hannuna ne ya saba. Uwarki ce ta cece ki. Ta zo tun daga Tudun Wada a Keke don ta san halina, ta sauke tukunyar ta zauna a kan kujera ta ce ba ta tashi sai ta ga an zuba.

Na ce to, in dai za a yi, a yi shi bisa ƙa'ida. Na sa safar hannu, na ɗauko babban sirinji, na cire allurar, na riƙa zuƙowa ina bi gindi-gindi. Uwarki tana bayana tana cewa, "Sannu Sista, a yi wa na gado na uku a hankali, ba shi da jini." Matar fasto ta sake leƙowa. Wannan karon ba ta tambayi komai ba, ta dai tsaya ta yi mana addu'a ta katanga, uwarki ta ce amin da ƙarfi.

Ni Eunice, da hannuna, na ɗura wa abin da nake ƙauna ƙwayoyi. Da abokan aikina na dā sun gan ni da sun ce tsufa ya zo da gardama.

Ga sakamako. Wasu sun ci gaba da mutuwa, kamar yadda kika faɗa. Buhu uku suka tsaya. Ɗorawar ba ta ƙara hawa ba, kuma makon jiya na ga sababbin tsiro a biyu daga ciki, gajeru masu kauri, ba irin sirarran farko ba. Na zuba musu taki ma, kada ki gaya wa kowa. Ko gorarki ce, ko takin ne, ko ruwan sama ne da ya ja baya, ke kika san wannan. Ni dai na ga ganye.

Abin da ban sani ba shi ne me ke ƙasa. Citta ba ta nuna abin da ta tara sai ranar tono, kuma lokacin da ya rage mata kaɗan ne. Kullum sai hannuna ya yi ƙaiƙayin tonawa in leƙa, in tuna rantsuwar da uwarki ta sa na yi cewa ba zan taɓa ba sai ranar.

Na bahonta kuma mun shirya, in an tone za a kai wa Tanko ya mayar bayan gida. Ya ce shi da citta har abada. Na ce ba shawara nake ba shi ba.

Ki ci gaba da roƙon hutun. Ankonki yana wajen tela.

Uwarki,
Eunice

*

Narayi
Disamba

'Yata Maryam,

Na gaishe ki. Mun yi kewarki, amma aiki ba ya jin biki. Jessica ta tafi jiya, gidan ya yi min faɗi.

Da safen ranar sallama na zazzage buhunan. Biyu babu abin kirki. Na ukun ya ba ni saiwa ɗaya, ba ta cika tafin hannuna ba, amma tauri gare ta kamar dutse, da idanunta. Na naɗe ta a ganye na kai.

Mata sun cika falo, uwarki tana gefena. Na kamo hannun Jessica zan danƙa mata, sai Inna Laraba, ƙanwar Mama, wadda aka ɗauko daga ƙauye ba ta ko gani sosai, ta ce a miƙo mata tukuna, ita ba ta yarda da cittar birni ba. Na miƙa mata. Ta lalluba ta, ta ɓalli ɗan ƙarami da farce ta sa a baki. Ta tauna. Sai tari ya sarƙe ta, hawaye ya zubo, aka ruga kawo ruwa. Ta ture kofin, ta juya tana dube-dube wajen ƙofa, ta ce, "Ashe Rifkatu ta samu zuwa bikin."

Daga nan ban iya karanta addu'ar da na shirya ba. Uwarki ce ta riƙe min gwiwar hannu na miƙa wa Jessica.

Na gode, 'yata. Ubangiji ya sāka miki, ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ce uwarki,
Eunice